Horar da Malaman Gona Kan Noma Mai Ɗorewa a Ƙauyukan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, jiha ce ta manoma da makiyaya, kuma taken da ta zaɓar wa kanta yana nuni ne da alfaharin da take yi da noma. A wannan shafi za mu yi bayani kan yadda ake horar da malaman gona, da kuma abin da ya kamata su sani game da noma mai ɗorewa, musamman domin amfanin ƙauyukan arewacin jihar, wato na ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Mun shirya bayanin ne domin manoma, da iyayen ƙasa, da kansiloli, da ma'aikatan sashen gona na ƙananan hukumomi.

Abin da muke nufi da noma mai ɗorewa shi ne noman da zai ciyar da iyali bana ba tare da ya kashe gonar da za a noma baɗi ba. A yankin da ruwan sama yake sauka daga watan Yuni zuwa Satumba kawai, kuma yawansa yake kaiwa da komowa tsakanin milimita 600 da 900 gwargwadon shekara da wuri, wannan magana ce ta ƙarfin ƙasa, da itatuwan cikin gona, da irin shuka, da zaman lafiya tsakanin mai gona da mai dabba.

Ƙauyukan da suka zama tamkar tsibiri

A ƙananan tsibiran tekun Fasifik akan ba malaman gona horo na daban, saboda ruwa ya kewaye mutanen da za su yi wa aiki, kuma duk buhun taki ko kwalbar magani sai jirgi ya kawo. Mu ba mu da teku, amma muna da ƙauyukan da halinsu ya yi kama da haka ƙwarai.

Na farko su ne garuruwan da ke tsakiyar dajin kiwo na Zamfara, wanda aka keɓe tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a gabashin yankin nan. A cikinsa aka bar wasu garuruwa da gonakinsu, kamar Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja, daji ya kewaye su ta kowace fuska. A shekarun 1990 masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Giessen ta ƙasar Jamus sun yi nazari a waɗannan garuruwa, inda suka ga cewa manoman wurin sun fi dogara da takin dabbobi da haɗa amfanin gona iri-iri a gona ɗaya, fiye da takin zamani da ake sayowa daga nesa. Na biyu su ne ƙauyukan hayin gulbi. Gulbin Gagare ya ratsa ta Ƙaura Namoda, na Bunsuru kuma ta ƙasar Zurmi, duka biyun suna gangarawa arewa su zuba a Rima, kuma idan suka kawo a watan Agusta akwai ƙauyukan da ba a shiga ba a fita sai ruwa ya janye.

Na uku kuwa shi ne matsalar tsaro da ta addabi jihar tun daga wajen shekarar 2011. Ta raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, ta kuma hana ma'aikata shiga wasu wurare. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da man fetur a jarka, an kuma katse layukan wayar salula na tsawon makonni domin yaƙi da 'yan bindiga. A wannan lokaci ƙauye ya koma kan abin da yake da shi a hannu. Tashin farashin takin zamani a 2022, da janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sun ƙara tabbatar da darasin. Don haka horon da ya dace da malamin gona na wannan yanki shi ne wanda zai sa ya iya koyar da abin da ƙauye zai ci gaba da yi ko da mota ba ta shigo ba.

Taƙaitaccen tarihin aikin malaman gona

An kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, a 1922, kuma a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Malamin gona na wancan zamani aikinsa ya fi karkata ga waɗannan amfani biyu da ake fita da su ƙasashen waje. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta kwantar da gyaɗa a 1975, su suka kawo ƙarshen wancan yanayi.

A 1975 ne aka buɗe shirin raya aikin gona na Gusau da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Funtuwa da na Gombe. Daga irin waɗannan shirye-shirye aka samo tsarin horo da ziyara, wanda ya bazu a shekarun 1980. A wannan tsari kowane malamin gona yana da rukunin ƙauyuka da yake zagayawa duk bayan mako biyu, yana ganawa da zaɓaɓɓun manoma, yana kafa 'yar ƙaramar gonar gwaji a gefen gonar manomi domin a gani da ido. Shi kansa akan tara shi da 'yan'uwansa duk mako biyu a ba su horo kan aikin da ke tafe, masu horar da su kuma suna zama da masana daga cibiyoyin bincike sau ɗaya a wata. An kuma buɗe sashen mata domin isa ga matan da ke cikin gida.

Tsarin ya yi amfani, kuma dattawan manoma da dama suna tunawa da shi. Sai dai yana da rauni biyu. Yana cin kuɗi wajen babura da mai da alawus, shi ya sa ya yi sanyi a jihohi da yawa bayan tallafin Bankin Duniya ya ƙare a tsakiyar shekarun 1990. Sannan saƙonsa iri ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa: ingantaccen iri, takin zamani, maganin feshi. Manomin da ba shi da halin sayen waɗannan yakan saurara cikin ladabi ya koma ga abin da ya saba.

Bayan kafa jiha, hukumar raya aikin gona ta Zamfara, wato ZADP, ta gaji wannan aiki. A zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, an ƙaddamar da shirin ZACAREP. Jihar ta kuma shiga shirin Fadama, da shirye-shiryen asusun IFAD na raya karkara da na jure wa sauyin yanayi, sai kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Zamfara tana cikin jihohi 11 da ke cikin aikin babbar katangar itatuwa ta Afirka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da nasa horon.

Inda ake samun horo

Matashin da yake son zama malamin gona yana iya farawa daga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, ko wata makarantar irinta da ke ba da difloma ta shekara biyu, sannan babbar difloma ta ƙarin shekara biyu. Digirin aikin gona a jami'a shekara biyar ne, kuma ɗaya daga cikinsu ana yin ta ne a gona. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Ahmadu Bello, da ta Bayero a Kano duk suna koyar da fannin. A Samaru akwai cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne sada sakamakon bincike da malaman gona, kuma tana buga ƙasidu da Hausa. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Najeriya a 1992, ta taimaka wajen buɗe tsarin digiri na musamman domin malaman gona da suka daɗe suna aiki da difloma, inda ɗalibi yakan koma ƙauyen da yake aiki ya gudanar da wani aiki tare da manoma kafin a ba shi shaida. A ganinmu wannan shi ne tsarin da ya fi kusa da buƙatarmu, domin jarrabawar a gona ake yin ta.

Abin da ya kamata malamin gona ya ƙware a kai

Ƙarfin ƙasa shi ne farko. Yawancin gonakin tudu na yankin nan jigawa ne, ba sa riƙe ruwa ko taki. Malamin gona ya san yadda ake haƙa ramin haɗa taki, a jera kashin dabbobi da sharar gida da toka da ƙaiƙayi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe kafin damina. Takin da ya ruɓe sosai ba ya ƙona shuka, kuma ƙwayoyin ciyawar da ke cikinsa sukan mutu. Idan kuma akwai ɗan takin zamani, akwai dabarar da cibiyar ICRISAT ta gwada a Jamhuriyar Nijar: maimakon a watsa, sai a sa kimanin giram 6 na NPK, wato cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka, a ɗan nesa da irin. Ta haka abin da ba zai ishi rabin gona ba idan aka watsa yakan zagaye ta duka. Amma a sani, wannan dabara ba ta maye gurbin takin gargajiya. Tare ake yin su, in ba haka ba ƙasar za ta ci gaba da ramewa.

Sai maganar itatuwa, wadda a nan za mu ɗan tsaya, domin darasinta daga maƙwabta ya zo. Ƙasar Zurmi ta yi iyaka da Nijar, kuma Maraɗi ba ta da nisa. A can ne a 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan ya sha wahalar dashen itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu suka riga suka yi nisa a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a bar su su tashi. Manoman can suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Yadda ake yi shi ne, idan an zo sharar gona sai manomi ya zaɓi kututturan da yake so, a kowane ɗaya ya bar rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya kuma rage ƙananan rassan da ke ƙasa da wuƙa ko gatari mai kaifi. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Ba a sayen komai, ba a ban-ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Itatuwan da suke da su a can su ne muke da su a nan: kalgo, sabara, aduwa, magarya, da uwa uba gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Kowane dattijo ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona. Abin da ke hana dabarar kafuwa ba rashin sani ba ne, tsoro ne: manomi ba zai raini itace ba idan yana ganin wani zai zo da dare ya sare, ko kuma za a ce masa itacen ba nasa ba ne. A Nijar abin bai bunƙasa ba sai da manoma suka tabbata cewa wanda ya raina shi ke da amfanin. Saboda haka malamin gona da aka horar kan sassabin zamani dole ya san yadda zai zauna da dagaci da masu unguwanni da ma'aikacin gandun daji a fitar da ƙa'idar gari kafin a fara.

Ga gonar da ta zama faƙo, wadda ruwa ke bi ta kai ya wuce, akwai tassa. Ramuka ne da ake haƙawa da rani, faɗin kamu ɗaya ko ɗaya da rabi, zurfi bai kai haka ba, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara takan shiga ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ramin, sai a shuka. Manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar sun koyo ta ne daga Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka raya filayen da aka riga aka fid da rai da su. Aiki ne mai wuya wanda ya fi dacewa da gayya, kuma ba ya yi a rairayi, domin ramin cikewa yake yi. Malamin da bai san wannan bambanci ba zai sa mutane wahalar banza.

Game da iri, cibiyar Samaru ta fitar da ire-iren dawa da gyaɗa da wake da masara masu saurin nuna, waɗanda sunayensu ke farawa da SAM. Akwai gyaɗa SAMNUT 24 mai nuna da wuri, da wake SAMPEA 10 mai jure wa wuta-wuta, akwai kuma gero SOSAT da manoma da yawa suka sani. Abin da ya fi muhimmanci ga ƙauyen da ke nesa shi ne malamin gona ya bambance irin da manomi zai iya ajiyewa ya sake shukawa, da irin aure wanda sai an sayo sabo kowace shekara. Ya kuma koyar da yadda ake ware gonar iri da zaɓen zangarniya tun tana tsaye. Ba ma ba da shawarar a watsar da irin gida. A ajiye shi tare da sabon, domin shekara ba ta zuwa iri ɗaya. Haka nan haɗa gero ko dawa da wake, da juya gona tsakanin hatsi da gyaɗa ko waken suya, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, suna rage wuta-wuta, ga harawa ta dabbobi.

Ajiya ma fanni ce da ake yawan mantawa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma irin wannan waken ne mu ma muke ci a gida. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska, ba tare da magani ba, matuƙar waken ya bushe sosai, an ɗaure kowane ruɓi daban, kuma ba a bar ɓera ya huda ba. Duro mai murfi da ba ya shan iska shi ma yana yin wannan aiki.

A ƙarshen wannan sashe sai dangantaka da makiyaya. A da, manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi. Wannan al'ada ita ce ta riƙe gonakin garuruwan cikin daji shekara da shekaru, kuma lalacewarta asara ce ga ɓangarorin biyu. Malamin gona ba alƙali ba ne, ba kuma jami'in tsaro ba, amma ya wajaba ya san burtali da mashaya da makiyayar yankinsa, kada ya kafa gonar gwaji ko ya ba da shawarar faɗaɗa noman rani a kan hanyar dabbobi.

Horar da 'yan gari

Adadin da aka saba ambata shi ne malamin gona ɗaya ga iyalai 800 zuwa 1,000, kuma ma'aikatan da ake da su ba su kai haka ba. Ko da sun kai, baƙo ba zai shiga inda hanya ta yanke ba. Mafita ita ce malamin gwamnati ya zama mai horar da wasu, a kowane gari a sami mutum biyu ko uku, maza da mata, waɗanda a nan suke kwana a nan suke tashi. Tsarin makarantar manoma a gona, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indunusiya a 1989, ya dace da wannan. Manoma 20 zuwa 30 sukan haɗu sau ɗaya a mako a gona guda tun daga shuka har girbi, su raba ta biyu, gefe ɗaya yadda aka saba, gefe ɗaya sabuwar dabara, su duba da kansu, su auna abin da kowane gefe ya bayar. Ba a buƙatar iya boko, kuma wanda ya iya ajami yana iya riƙe littafin lissafi.

Mata su ne ke kiwon awaki da tumaki da kaji a cikin gida, su ne ke sarrafa gyaɗa, kuma takin da ake kaiwa gona daga turkensu yake fitowa. Namiji ba zai shiga ya koyar da su ba, saboda haka kowane zagayen horo ya kamata a ware wa mata gurbi. Rediyo da wayar salula suna taimakawa wajen isar da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, amma abin da ya faru a 2021 ya nuna cewa ba za a dogara da waya kaɗai ba.

Abin da ake buƙata daga ƙananan hukumomi da iyayen ƙasa

Zaɓen wanda za a tura horo shi ne inda abin yake gyaruwa ko ya ɓaci. A zaɓi mai noma da hannunsa, wanda jama'a ke jin maganarsa, wanda kuma ba ya shirin barin gari, a kuma shawarci sarkin noma. Kada gurbin horo ya zama kyautar siyasa ko hanyar karɓar alawus. Bayan haka a ba makarantar manoma fili a wurin da ke kusa da gari, inda mutane za su iya zuwa cikin aminci.

A kuma lura da lokaci. Horon haɗa taki da haƙa tassa da sassabin zamani ana yin sa ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin a gama sharar gona. Na iri da sa taki a watan Mayu. Na ƙwari da cututtuka a tsakiyar damina, a cikin gona. Na ajiya da zaɓen iri a Satumba da Oktoba, sannan na noman rani a fadamun Gagare da Bunsuru ya biyo baya. Ga ƙauyukan hayin gulbi, a kammala kai musu iri da duk kayan gwaji kafin ƙarshen watan Yuni. Inda taro a ƙauye ba zai yiwu ba, ana iya haɗa wakilan garuruwa a hedikwatar ƙaramar hukuma a ranar kasuwa, kamar ranar Alhamis a Shinkafi, tunda dama ranar ce suke shigowa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen gona na ƙaramar hukumarsa ko ofishin ZADP mafi kusa da shi.